Taƙaitawa: Maganin kurkure baki da na shafawa a kan ciwon sanyi

Ga abin da aka tattaro daga wata tattaunawa kan ko maganin kurkure baki da na shafawa za su iya hana kamuwa da ciwon sanyi (gonorrhoea), cutar da ake ɗauka ta jima'i, wadda kan kama maƙogwaro ma.

1. An yi ittifaƙi cewa abin da ya jawo maganar shi ne yadda ƙwayar cutar ke bijire wa magunguna ɗaya bayan ɗaya, har ta kai allurar ceftriaxone ce kusan kaɗai abin dogaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin kamuwa miliyan 82 a 2020.

2. Kurkure baki ne ya raba kawuna. Wasu sun kafa hujja da gwajin da aka yi a Melbourne ta Ostireliya a 2016, inda kurkure maƙogwaro da maganin kurkure baki na Listerine na minti ɗaya ya rage ƙwayoyin cutar nan take. Mafi yawa sun mayar da martani cewa manyan gwaje-gwajen Ostireliya da Beljiyam da aka wallafa a 2021 ba su nuna raguwar kamuwa ba, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi, domin ƙwayar kan lafe a lungunan maƙogwaro da ruwan ba ya kaiwa.

3. Inda maganin shafawa ya ci nasara shi ne idon jarirai, waɗanda aka fara ɗiga wa maganin silver nitrate tun ƙarni na 19 don kada su ɗauki cutar daga uwa wajen haihuwa.

4. Babu wanda ya goyi bayan wanke al'aura da Dettol ko kanwa, saboda suna ƙona fata. An tuna cewa nonoxynol-9, sinadarin kashe maniyyi da ake sawa a farji, shi ma ya ƙara haɗarin kamuwa da ƙanjamau.

5. Shawarar kowa ita ce kwaroron roba, gwaji a asibiti, da yi wa abokin kwanciya magani lokaci guda.