Tambaya: yaya za a koyar da shirin dawowar Almasihu ba tare da matasa sun saki aiki ba?

Fastoci da dattawa, barkanku da hidima. Ajin matasan ikilisiyarmu a Katsina ya cije a wuri guda. Idan aka karanta Matiyu 25:1-13, misalin budurwai goma da fitilunsu, inda biyar suka tanadi mai, biyar ba su tanada ba, tsoro kan kama su na mako biyu, sai ya huce. Wasu kuma su ce tunda Ubangiji na tafe, me za a yi da noma, adashi ko jarrabawa? An kawo Matiyu 24:36 (ba wanda ya san ranar ko sa'ar), an kawo 2 Tasalonikawa 3:10 (wanda ya ƙi aiki kada ya ci), amma ba su ga inda ayoyin suka haɗu ba. Don Allah, man fitilar nan, a kasuwa da gida, mene ne shi? Addu'ar asuba, biyan bashi, ko sulhu da maƙwabci? Da wanne za a fara?