Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba na'urar da ke yanka siffofi a takarda?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Ina shirya ɗan bayani ga malaman makaranta da masu sana'ar ƙawata takarda a kan na'urar da Turawa ke kira die cutting machine, sai na tsaya cik tun a layin farko, domin ban sami sunan da zan kira ta da shi ba. Ga inda tunanina ya kai, ina kuma roƙon wanda ya ga gyara ya gyara mini.

Matsalar ta faro ne daga kalmar die kanta. A nan ba mutuwa take nufi ba, sunan wani ƙarfe ne mai kaifi da aka lanƙwasa shi ya ɗauki wata siffa, kamar tauraro ko harafi, wanda idan aka danna shi a kan takarda sai ya fitar da wannan siffar daidai, ko sau dubu aka maimaita. Masu yin takalma ne suka fara amfani da dabarar a ƙarni na 19 don yanka fata, daga baya ta shiga aikin kwali da takarda. To amma na'urorin zamani irin su Cricut, wadda ta fito a Amurka a 2006, da Silhouette Cameo da Brother ScanNCut, babu wannan ƙarfen a cikinsu ko kaɗan. Abin da suke da shi ƙaramar aska ce mai juyawa, tana tafiya dama da hagu yayin da tayoyi ke tura takardar gaba da baya, tana bin layin da kwamfuta ta zana mata. Wato sunan Turancin gadon tsohuwar fasaha ne da ya maƙale wa sabuwa, kuma ban ga dalilin da zai sa mu gaji wannan ruɗani ba alhali muna da damar raɗa suna daga aikin da abin yake yi.

Na fara gwada tsarin da muke gina sunayen kayan aiki da shi, irin na mabuɗi da madubi da ma'auni, sai na samu mayanki. Gajere ne, yana da daɗin faɗa, amma bai ce komai game da siffa ba, almakashi ma mayanki ne, kuma da zarar harshe ya ɗan zame sai a ji mayanka, hankalin mai sauraro ya tafi wurin mahauta. Madatsi ma bai yi ba, domin datsawa yanka ce ta gaba ɗaya a miƙe, ita kuwa wannan aska lanƙwasa da kwana ne aikinta.

Wani ɗan'uwa ya ba ni shawarar na'urar yankan zane, kuma da farko ta burge ni, tun da zane ne ake ba ta ta bi. Da na faɗe ta da ƙarfi sai na gane illarta: duk wanda ya karanta yankan zane, tufafi zai fara kawowa a ransa, ya ɗauka kayan aikin tela ne. A baki karin sauti na iya raba kalmomin, amma a rubuce babu abin da zai raba su, mu kuwa a rubuce za mu fi amfani da sunan. Kalmar zayyana kuwa ta fi karkata ga ado, alhali ana yanka haruffan koyarwa da kwalin da za a naɗe ya zama akwati, waɗanda ba ado ba ne. Saboda haka na tsaya a kan siffa, domin ita ce abin da ke fitowa a kowane hali, ko fure ne ko lamba.

Sauran aiki shi ne kalmar farko, kuma a nan ne nake ganin Hausa za ta yi abin da Turancin ya kasa. Muna da keke, muna da na'ura. Mun saba da keken ɗinki da keken rubutu, wato abin da hannu ko ƙafa ke sarrafawa, na'ura kuwa mun fi ba abin da ke da lantarki da ƙwaƙwalwa. Don haka nake ba da shawarar wanda ake juya masa hannu, irin Sizzix Big Shot, inda ake haɗa ƙarfen da takarda a tsakanin faranti biyu a tura su ta cikin matsi, a kira shi keken yankan siffa. Wadda ke karɓar umarni daga kwamfuta ko waya kuma ta zama na'urar yankan siffa. Akwai na tsakiya, irin Gemini, da ke amfani da ƙarfen amma lantarki ke jan farantan, shi wannan keken yankan siffa mai lantarki ne, kamar yadda muke cewa keken ɗinki mai lantarki. Shi kansa ƙarfen ina son mu kira shi hatimin yanka, domin halinsa halin hatimi ne, abu guda yake bugawa kullum ba ya sauyawa.

Wannan rarrabewa ba ƙwalisar harshe ba ce kawai, domin tana iya hana mai saye yin asara. Wanda ke son ya fitar da siffa guda sau ɗari cikin sauri, ko ya yi ado mai tudu a jikin kati, keke ya fi dacewa da shi, sai dai kowace sabuwar siffa tana buƙatar sabon hatimi, kuma girmanta ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Wanda kuma yau sunan wani zai yanka, gobe taswira, yana ƙara girma yana ragewa yadda ya so, na'ura yake buƙata, tare da haƙurin koyon manhajarta. Nan ma akwai abin dubawa kafin a biya kuɗi: manhajar Cricut, wato Design Space, tana buƙatar a buɗe asusu kuma wasu ayyukanta sun dogara da intanet, ta Silhouette Cameo, wato Silhouette Studio, tana aiki a kwamfuta ko babu intanet, ScanNCut kuwa tana iya ɗaukar hoton abin da aka zana da hannu ta yanka shi ba tare da kwamfuta ba. Idan mai saye ya iya tambayar kansa ko keke yake nema ko na'ura, ya warware rabin zaɓinsa.

Ƙananan kayan ba su ba ni wahala ba. Abin da ake manna takarda a kai, wanda galibi inci 12 ne tsawo da faɗi, na kira shi shimfiɗa mai danƙo, kuma takarda marar kauri tana son mai danƙo kaɗan, in ba haka ba ta yage wajen ɓamɓarewa. Ɗan yankan da ake fara yi a gefe don a daidaita zurfin aska da ƙarfin dannawa shi ne yankan gwaji. Cire guntayen da ba a so bayan an gama kuwa tsincewa ce. Na gwada su duka a jimla guda don in ji ko za su zauna a baki: "Manna katin a shimfiɗa mai danƙo, ka yi yankan gwaji, in askar ta ratsa sai ka bar na'urar ta gama, sannan ka tsince." A kunnena ta zauna.

Abu guda ya rage da nake neman taimakonku a kai. Wajen yin sitika, askar tana yanka fuskar sama ne kawai ta bar takardar da ke ƙasa ba ta taɓa ta ba, domin a riƙa ɓamɓarowa ɗaya bayan ɗaya. Na yi tunanin yankan sama, na yi tunanin tsaga, wadda ta fi kusa da ma'anar tun da tsaga ba ta ratsawa, amma ina tsoron a ɗauka yagewa ake nufi. Malamai da masu sana'ar, wacce kuka fi natsuwa da ita?