Musayar Waƙa: Wane Littafi Ne A Hannunka Yanzu?

Kawu Bakatsine:
Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau da baiti nake so mu yi hirar karatu, kowa ya faɗi abin da ke hannunsa da wanda zai ɗauka in ya gama. Na buɗe da amsa-amon "wa", mai iko ya riƙe, wanda bai iya ba ya sauya ba laifi.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Wanda ya hore min ido na karantawa.

Shaihu Umar nake bi a makon nan,
Rubutun Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Can da a aji mun yi masa haddar dole,
Ba don daɗi ba, don tsoron jarrabawa.

Yanzu da furfura ta sauka a gemu,
Na ga ashe uwar ce abar tausayawa.

An yi wa mijinta Makau sharri a fada an kore shi,
An sace mata ɗa, ta sha ɗacin rabuwa.

Shi Umar Allah ya haɗa shi da Abdulkarim,
Ya kai shi Ber Kufa, ya riƙe shi da kulawa.

Ita ko ta bi sawu ba guzuri ba jagora,
Mugu ya yaudare ta, ya mai da ta baiwa.

Ta keta Sahara, Murzuk har Tarabulus,
Bakinta bai bar kiran ɗanta ba, ba gajiyawa.

Ranar da ta gan shi ya girma ya yi ilmi,
Ba ta jima ba ajali ya zo, sai rasuwa.

Sunan littafin na ɗa ne, na yarda,
Amma nauyinsa uwar ce ke ɗaukewa.

Ƴar Fagge:
Kawu sannu da ƙoƙari, wallahi baitin "baiwa" ɗin nan ya taɓa ni sosai. Amma fa ku manya kullum in ana zancen littafi sai ku tsaya a na da, kamar daga nan aka kulle maɗaba'a aka jefa mukulli rijiya, to ga tawa.

Kawu na ji baitinka ya ratsa ni,
Amma ina da ƙorafi, ara min kunnuwa.

In uwa kake nema wadda ta sha wuya,
Ga Rabi nan Kano, ba ta da nisan zuwa.

Alhaki Kuykuyo Ne nake nufi,
Na Hajiya Balaraba Ramat, gwanar tsarawa.

Ƴaƴa tara a ɗaki, miji ya yo amarya,
Ya kore ta da su, ba sutura ba ciyarwa.

Ta ɗora tukunya tana sai da abinci,
Da shi ta riƙe su, ba roƙo ba zubar da kima, sai jurewa.

Shi ko alhakinta bai bar shi ya sarara ba,
Wuta ta lashe shagonsa a kasuwa.

Abin da ya ƙona min rai shi ne ƙarshe,
Da maza suka taru suka ce mata sai komawa.

Tun 1990 littafin ya fito kuma har yau in ka shiga lungunmu za ka ga Rabi da idonka, wata na tuyar awara a ƙofar gida wata na ƙullin omo, mijin yana can yana fantamawa. Har Indiya fa aka buga fassararsa da Turanci a 2012, mu nan kuma wasu ko bangonsa ba su taɓa gani ba.

Malam na Tudun Wada:
Ni ba mawaƙi ba ne amma bari in ɗan sa baki. Abin da ke ba ni mamaki da Shaihu Umar shi ne mai shi yana saurayi ya rubuta, an haife shi 1912, gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa da Baturen nan Rupert East ya shirya, wadda littafin ya shiga, kuma 1933 aka yi ta, ka ga shekararsa ashirin da ɗaya ke nan yana malamin makaranta, ba wanda ya san zai zama Firayim Minista, amma dubi yadda ya san ciwon uwa. A gasar nan ne aka samu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi, ga kuma Jiki Magayi duk na zamanin. Wanda bai ga fim ɗin da Adamu Halilu ya yi na Shaihu Umar a 1976 ba ya nema. Baiti ɗaya na iya:

Ƴata kar ki ce mun tsaya a jiya,
Tushe muke ban ruwa don reshe ya yi tofuwa.

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum, gaisuwa daga Zinder. Ni "wa" ta ƙi min, na koma "ya".

Kun cika wurin nan da kuka da hawaye,
Bari in shigo muku da ƴar dariya.

Ruwan Bagaja nake bi da daddare,
In na rufe shago na huce gajiya.

Alhaji Imam ya bar Kwantagora,
Neman magani don ɗan sarki ya sam lafiya.

Shi da Zurƙe ɗan Muhamman in sun gamu,
Sai ɗaya ya ɗana wa ɗaya tarkon tsiya.

Yau wannan ya ci, gobe wancan ya rama,
Har ka rasa wa ya fi wani iya ƙarya.

Mu a lakwal Faransanci aka ɗora mana,
Karatun Hausar boko da kaina na koya.

In na gama Magana Jari Ce zan ɗauka,
In ga aku da Waziri yadda za ta kaya.

Duka ukun nake so in haɗa, na ɗaya kawai gare ni kuma ya sha jiki har shafin farko ya ɓalle, sai wani ɗan'uwa ya shiga Kano zan ba shi sautu.

Autar Gida:
Kawunnai da yayye ina wuninku, ni ce ƙarama a yi min afuwa in baitin ya karye.

Ni fa nawa littafin ba shi da bango,
Shafi-shafi yake zuwar mini a waya.

Marubuciya kan sako babi da dare,
In ta yi jinkiri mu yi ta cigiya.

Wasu akwai zurfi, wasu ko ba komai,
Attajiri da ƴar talaka, zance ɗaya.

Amma labaran Hikayata sun kama ni,
Mata ke faɗin abin da ke cin zuciya.

Yaya Ƴar Fagge ara min na Rabi,
Zan mai do shi lafiya lau, na faɗi gaskiya.

Tun da BBC Hausa suka fara gasar Hikayata ta gajerun labaran mata a 2016 mata ke ta fito da abin da a da ake binnewa a ɗaki, shi ya sa da na ji labarin Rabi na ji kamar na san ta.

Kawu Bakatsine:
Auta baitinki bai karye ba, Allah ya yi albarka. Ƴar Fagge kin yi gaskiya, na karɓi ƙorafi. Amma zancen komen Rabi ya tsaya min a rai tun ɗazu.

Ƴata kin ce ƙarshen ya ƙona miki rai,
Ni ina ga Hajiya ta san abin da take nunawa.

Da ta bar Rabi ta huta a ɗakinta,
Da mun rufe littafi mun yi barci da minsharewa.

Ta bar mana shi da ɗaci yadda yake a gari,
Don mu maza mu ji kunyar abin da muke aikatawa.

Sau nawa aka tara mu a zaure sulhu,
Muka ce "yi haƙuri" ba mu tambayi mai shan wuya ba, sai turawa?

Shi zan ɗauka da na sauke Shaihu Umar,
Sannan Jiki Magayi ya biyo, in da rai da rabon ganawa.

Ƴar Fagge:
Kawu wannan baitin na zauren sulhu da za a rubuta shi a manna a ƙofar gidaje da an taimaki mata da yawa wallahi. Na yarda da kai rabi, don har yanzu raina bai so ta koma ba.

Na ji hujjarka Kawu, na kuma gode,
Amma zuciyata ta ƙi ta yi amincewa.

Wadda ta tsaya da ƙafarta ta raini tara,
A bar ta ta zaɓa, ita ta san inda ke mata ƙaiƙayi da sosawa.

Auta ke kuma kwafina ɗaya ne, ki fara karantawa tunda kin riga tambaya, in kin gama sai mu ba direban Katsina ya kai wa Kawu, amma don Allah kar a naɗe min kunnen shafi, a sa tsinke ko ƴar takarda.