Turanci ko Faransanci: wanne ya dace ya zama harshen aikin ECOWAS?

Ɗalibi daga Zariya:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga malamanmu na wannan zaure, musamman waɗanda suka taɓa aiki da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Tun da Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2025, ƙasashen ƙungiyar sun koma 12: biyar masu amfani da Turanci, wato Najeriya, Ghana, Laberiya, Saliyo da Gambiya, biyar masu amfani da Faransanci, wato Benin, Togo, Gini, Senegal da Cote d'Ivoire, sai biyu masu harshen Fotugal. A da masu Faransanci takwas ne, yanzu an yi kunnen doki. Ganin cewa Najeriya kaɗai ta fi rabin al'ummar ƙungiyar, kuma hedikwatar tana Abuja, me zai hana a tsayar da Turanci shi kaɗai a matsayin harshen aiki, a huta da kuɗin fassara?

Tsohon Tafinta:

Wa'alaikumussalam. Ɗana, lissafinka daidai ne, sai dai harshen aiki ba da ƙidayar kawuna ake tsayar da shi ba. Yarjejeniyar da aka sabunta a Kwatano a 1993 ta ambaci Turanci da Faransanci da harshen Fotugal a matsayin harsunan aiki, saboda haka cire ɗaya daga ciki yana nufin a taɓa yarjejeniyar kanta, kuma ban ga yadda Dakar ko Abijan za su sa hannu a kan takardar da za ta mayar da jami'ansu 'yan kallo ba.

Amma bari in faɗa maka abin da na gani da idona a shekarun da na yi ina tafinta a tarurruka. Muna zama mu biyu a cikin ɗan akurkin gilashi a bayan zaure, muna karɓar juna duk bayan rabin awa, domin wanda ya wuce haka yana fassara kai tsaye, bakinsa zai fara gaban hankalinsa. Idan wakili ya yi magana da harshen Fotugal, sau da yawa sai wani ya juya ta zuwa Faransanci, ni kuma in ɗauka daga bakinsa in mayar Turanci, kafin ta isa kunnen mai sauraro ta riga ta zubar da rabin gishirinta. Wannan duk ba shi ne babbar matsalar ba. Da zarar an tashi shan shayi, kowa ya ajiye na'urar da ke kunnensa, sai ka ga masu Faransanci sun taru a kusurwa guda, masu Turanci a wata, kuma a nan ake ƙulla abin da za a dawo a karanta a zaure. Mu tafintoci ba ma bin kowa zuwa wurin shayi. Haka nan duk wanda ya rubuta daftarin farko da harshensa, shi ne ya riƙe wuƙa da nama, saboda sauran sai su jira fassara, wadda wani lokaci takan iso ana gab da shiga taro. A ganina, maimakon a kori wani harshe, a wajabta wa duk babban ma'aikacin ƙungiyar ya iya karanta harsunan biyu, ko da da ɗaya kawai yake rubutu.

Lauya daga Abuja:

Ina goyon bayan Baba Tafinta, kuma zan ƙara da misalin Tarayyar Turai. Lokacin da aka kafa ƙa'idar harsunanta a 1958, harsuna huɗu ne, babu Turanci a ciki, kuma Faransanci ne ke jan ragamar ofisoshin Brussels. Birtaniya da Ireland sun shigo a 1973, amma abin da ya karkatar da ma'aunin sosai shi ne shigowar Sweden da Finland da Austriya a 1995, da kuma ƙasashe goma a 2004, waɗanda jami'ansu suka fi sakewa da Turanci a matsayin harshe na biyu. Da Birtaniya ta fita a 2020, Turanci bai motsa daga wurinsa ba, duk da ƙoƙarin da Faransa ta yi a lokacin da ta shugabanci majalisar tarayyar a farkon 2022. Ka ga ke nan fitar wata ƙasa ba ta tafiya da harshenta.

Sai dai har gobe alƙalan kotun tarayyar da ke Luxembourg da Faransanci suke tattauna hukunci a tsakaninsu, kuma wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna a yankinmu. Ƙasashe renon Faransa suna bin tsarin dokar da aka tattara a kundi, suna da dokokin kasuwanci na bai ɗaya a ƙarƙashin yarjejeniyar OHADA tun 1993, in ban da Gini suna kuma da kuɗin sefa da babban bankinsu a Dakar, alhali mu mun gaji tsarin Ingila mai dogaro da hukunce-hukuncen da suka gabata. Akwai kalmomin shari'a da ba su da takwara a ɗayan ɓangaren, don haka idan aka ce da Turanci kawai za a rubuta doka, an fifita tsarin shari'a ɗaya a kan ɗayan ba tare da an faɗa ba.

Malami daga Maraɗi:

Mu da muka saba kiran ECOWAS da CEDEAO mun fita, amma a ba ni dama in sa baki. Ya kamata malam ɗalibi ya tuna cewa Najeriya tana kewaye da maƙwabta masu Faransanci, shi ya sa Janar Abacha ya yi shelar mayar da shi harshe na biyu a 1996, ko da yake maganar ba ta yi nisa a makarantu ba. A ɗaya ɓangaren kuma Togo ta shiga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila a 2022. Kowane ɓangare yana leƙen na ɗan'uwansa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muhawarar ke tsallake wani layi na yarjejeniyar 1993 ɗin, wanda ya ba shugabanni ikon ayyana harsunan Afirka ta Yamma a matsayin harsunan hukuma. Tarayyar Afirka ta karɓi Swahili a matsayin harshen aiki a 2022, mu ma a Nijar an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025. Direban da ya taso daga Katsina ya bi ta Jibiya zuwa Maraɗi, da Hausa yake magana da jami'in kwastan na wannan gefen da na wancan, takardar da ke hannunsa ce kawai take canza harshe.

Tsohon Tafinta:

Malam, maganarka tana kan hanya, amma ka shirya amsar da za a bai wa Bayarabe da Bafulatani da mai jin Wolof ranar da aka kawo ta zaure. Sannan kafin a buɗe akurkin Hausa sai an horar da tafintocin da za su iya juya rahoton kasafin kuɗi daga Faransanci kai tsaye, ba tare da sun ratsa ta Turanci ba, kuma irin waɗannan mutanen sun fi yawa a wajenku, ku da kuka fita.