Waye ɗan rakiya?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Na so in yi shiru amma abin ya tsaya min a rai. Mun kai yara 38 kamfin Birnin Kudu, kwana uku, mun dawo da su lafiya, alhamdu lillahi. Sai dai a faɗi gaskiya: mu tara muka rubuta suna a kwamiti, mu biyu muka yi aikin. Ni na bi gida-gida neman amincewar iyaye, wani gidan sai da na koma sau uku saboda maigidan yana gona wajen yankan dawa. Ni na kai wa dagaci takarda, ni na nemo ajin firamaren da muka sauka. Daren farko a zaune na kwana bakin ƙofar aji cikin hunturun nan, tocila a hannu, duk yaron da ya fita fitsari sai na ga dawowarsa. Sauran duk 'yan rakiya ne. In haka za a yi baɗi, a cire sunana.

Na Gidan Liman: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Yaya, Allah ya ba da lada.

Kawu Direba: Dakata tukuna. Waye ɗan rakiyar? Ni da na bar lodin Wudil ranar Juma'a, ranar kasuwa guda, na kwashi yaranku a kuɗin mai kawai, shi ma bai cika ba? Ɗan rakiya ne ya kwanta ƙarƙashin mota a Kwanar Huguma yana canja taya, kai kana gindin darbejiya kana latsa waya?

Baban Khalifa: Kawu ni ban kama sunan kowa ba.

Kawu Direba: Ka ce ku biyu. In ba ni ne na biyun ba ai ka gama kama sunana. Faɗi na biyun.

Ma'aji: Ƙwarai kuwa, a faɗi na biyun kowa ya san matsayinsa.

Malamin Hausa: Jama'a a yi haƙuri. Rakiya fa ba zagi ba ce. Ɗan rakiya shi ne wanda ya taka wa baƙo zuwa bakin hanya ya juyo gida. Duk wanda ya kwana can ya wuce rakiya, ko bai ɗauki tsinke ba. Da 'yan kallo ya ce, to da sai a yi magana.

Ɗan Auta: Malam wannan Hausar littafi ce. Yanzu in an ce wane ɗan rakiya ne, ana nufin ya shiga takara alhali ya san ba shi zai ci ba, ya dai cika layi. Zagi ne, an dai shafa masa man shanu.

Malamin Hausa: To 'yan rakiyar amarya fa? Su ma zaginsu ake yi?

Ɗan Auta: Su ai shinkafa suke ci su watse. Ka ga ma ka ƙara tabbatar da maganar Kawu.

Gwaggo Mai Ƙosai: Ni sunana ma ba ya cikin taran naku. Kwana biyu kafin tafiya muna daka yaji da soya ƙuli ni da matan gidanmu. A can kuma kafin kiran assalatu na hura wuta, da ɗanyen icen da aka kawo min, idona har yau ruwa yake. Mutum kusan hamsin, safe, rana, dare. Ba na neman godiya, babbar tukunyata dai ba ta dawo ba.

Ma'aji: Tunda an fara tone-tone, ni na ranta wa kwamiti kuɗin akuyar da aka yanka daren ƙarshe, har yanzu ba wanda ya ce min ci kanka. Ɗan rakiya yana ranta kuɗi?

Na Gidan Liman: Alhaji akwai rasit?

Ma'aji: Rasit na akuya? A wace kasuwar ƙauye ka taɓa ganin dillali ya ciro biro? Ko ɓarawo kake son ce min, fito fili.

Na Gidan Liman: Subhanallah, tambaya ce kawai.

Kawu Direba: Ba mamaki, ai ƙanin matar mai maganar ne. Duk inda Yayansa ya karkata can zai bi.

Baban Khalifa: Kawu bar shigo da iyali cikin wannan. Abin da nake cewa a raba aiki tun kafin a tashi: wane mota, wane abinci, wane gadin dare, wane akwatin magani. Da kunama ta harbi yaron nan daren biyu, wa ya san inda akwatin yake? Yana ƙarƙashin buhun shinkafa, sai da muka yi minti ashirin muna nema.

Sakatare: Ni tun farko ban goyi bayan Birnin Kudu ba. Muna da Tiga a jiharmu, dam ɗin da aka gina zamanin Audu Bako, ga ruwa ga iska. Me ya kai mu Jigawa kallon duwatsu?

Ɗan Dutse: Haba Sakatare. Yara 38 a bakin dam, wa zai tsare su, ku da ake cewa ba ku iya gadin ƙofar aji ɗaya ba? Kuma kafin 1991 Birnin Kudu ai Kano ce, Babangida ne ya ja layin. Daga nan Takai wanne ya fi mana kusa?

Sakatare: Kai tunda ka samu aiki a Dutse ko rijiyar Jigawa aka ambata sai ka ce Zamzam ce.

Malamin Hausa: Ba kallon duwatsu kawai ba ne. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude yaran sun ga zanen shanun da mutanen dauri suka yi a jikin dutse, sun ƙwanƙwasa dutsen nan mai amo kamar kuge. Wani ɗan aji huɗu ya ce min, Malam ashe tun da ma ana kiwo a nan? Ni wannan tambayar ta biya ni wahalata.

Ɗan Auta: Wace wahala Malam? Ai kai ma a lissafin Yaya ɗan rakiya ne.

Malamin Hausa: Na riga na ce wanda ya kwana ba ɗan rakiya ba ne!

Kawu Direba: Har yanzu fa ba a faɗi na biyun ba.

Baban Khalifa: Tunda ka matsa, Gwaggo nake nufi.

Ma'aji: Gwaggo ai ba 'yar kwamiti ba ce. Ka ce cikin taran. Kenan kai kaɗai ka yi aiki, mu takwas rakiya muka zo.

Baban Khalifa: Ka ɗauka yadda ka ga dama. Sai da safenku.

Shugaba: To jama'a dare ya yi, bari in taƙaita. Kowa ya yarda kalmar da ɗan'uwa ya yi amfani da ita ba ta dace ba, muna fatan zai janye ta a taron Asabar. An kuma fahimci cewa mota ita ce ƙashin bayan tafiyar, don haka muna ba Kawu haƙuri, ba don yana yayan mahaifiyata ba, don gaskiya. Kuɗin akuya za a biya Alhaji, ba sai da rasit ba. Baɗi in Allah ya kai mu Tiga za a je, kamar yadda mafi yawa suka nuna. Zancen raba aiki kuma ai dama a rabe yake. Ƙarfe goma zan rufe zauren.

Ɗan Dutse: Shugaba su waye mafi yawan? Mutum ɗaya ne ya ce Tiga.

Gwaggo Mai Ƙosai: Tukunyata fa? Jibi akwai suna a gidanmu.

Kawu Direba: Tana bayan motata Hajiya. Mai aikin nan ya zo ya ɗauka, mu 'yan rakiya ba ma dako.