Neman shawara: yaya ake maƙala herin mai rai a ƙugiya don kamun bas?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan uwa masunta. Ina neman taimako game da kamun kifin bas mai ratsi a tafkin Laniya da ke jihar Jojiya ta Amurka. Ina sayen herin mai shuɗin baya, ƙaramin kifin da ake koto da shi, a shagon koto da asuba, amma kafin hantsi rabinsu sun kifa ciki, hancinsu ya yi ja. Wanda na maƙala kuma, in na ɗago shi sai in tarar ya sandare, ko ƙugiyar ta juya ta soki kumatunsa. Ƙugiya mai lamba 5/0 nake sawa, a bokitin sanyi mai kusurwa huɗu nake ajiye su. Ina matsalar take?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Kotonka ya gama galabaita tun kafin ya ga ƙugiya, don haka daga mazubi za ka fara gyara. Herin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kewaye yake yi dare da rana. A mazubi mai kusurwa sai ya dinga dungurar bango, jan hancin da ka gani ke nan. Nemi tanki zagayayye mai famfon da ke juya ruwa yana ba shi iska, mai ɗaukar galan 30 ko fiye. Kada ka cunkusa su: lokacin zafi kifi ɗaya ga kowane galan ya isa. Zuba gishiri garas, wanda ba a sa wa aidin ba, kimanin kofi ɗaya ga galan 10, yana rage musu zubar ɓawo. Ruwan ya tsaya wajen digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Salsiyos. In ya fara ɗumi, jefa gorar ruwa daskararriya a rufe, ba ƙanƙarar famfo tsirara ba, saboda sinadarin kulorin na kashe su. Da ƙaramar koma za ka ɗebo ɗaya bayan ɗaya, hannunka a jiƙe.

Mai Fatsa: Gaskiya Malam ya faɗa. Sai maganar ƙugiya: 5/0 ta yi wa herin mai tsawon inci 4 zuwa 6 nauyi ƙwarai. Koma lamba 2, 1 ko 1/0, siririya, irin mai lanƙwasasshen baki. Ka soka ta ta ƙofar hanci ɗaya ta fito ta ɗaya, a gicciye, a wurin nan mai ɗan haske da ke gaban idanu. In ka matsa baya ka taɓa ƙwaƙwalwa, nan take ya mutu. Kada kuma ka ɗinke leɓɓansa biyu, da baki yake shigar da ruwan da yake numfashi. Juyawar da ƙugiya ke yi ta soki kumatu, maganinta ɗan guntun roba da ake zurawa a ƙugiyar bayan an soka, sai ya tokare ta.

Haɗin fatsa na kamu a zurfi, wanda shi ake yi daga Yuni zuwa Satumba, ga yadda yake. Zura dalma mai rami, oza 1.5 zuwa 2, a babban zare mai ƙarfin fam 15 ko 20, ka biyo da ƙwayar dutsen ado don ta kare ƙulli, sai ɗan ƙarfe mai juyawa. Daga nan ka ɗaura zaren fulorokabon, wanda da wuya a gan shi a ruwa, mai ƙarfin fam 10 zuwa 12, tsawon ƙafa 6 ko 8, ƙugiya a ƙarshe. Ruwan Laniya garai-garai ne, zare mai kauri kifi na ganinsa.

Sabon Shiga: Na gode yayyena. To ko ta baya zan riƙa sokawa, gaban ƙayar gadon baya? Na ga wasu na yi.

Tsohon Hannu: Wannan sai jirgi na tsaye cak. Da ya motsa, za ka jawo koton a karkace, ya yi ta jujjuyawa har ya mutu. Ka tsaya kan hanci. Abin da ya fi kashe shi ma a watan Yuli da Agusta shi ne ruwan saman tafki, wanda zafinsa kan haura digiri 28. Ka maƙala ka sake shi ƙasa ba tsayawa, kada ka bar shi yana lilo a gefen jirgi kana gyaran wata sanda. In na'urar ganin kifi ta nuna bas a zurfin ƙafa 40, tsayar da dalma a 35, domin bas sama yake kai hari. Duk minti 5 zuwa 10 ka canja koto ko da yana motsi, wanda ya raunana ba ya jan hankalinsu.

Ɗan Gaɓa: Daga kaka zuwa Afrilu kifin na hawowa sama, sai a cire dalma gaba ɗaya, a saki zare ƙafa 60 zuwa 100 a bayan jirgi, ana tafiya ƙasa da mil ɗaya a awa. In sanda ta lanƙwashe kada ka fizga, ƙugiya mai lanƙwasasshen baki da kanta take kama gefen baki. Ɗauko sandar kawai ka fara naɗi. Sannan ka kula da doka: a Laniya an yarda da herin mai rai, amma ba a kowane tafkin Jojiya ba. Ragowar koto kada ka kai shi wani ruwa ka juye, domin in ya yaɗu yana cinye ƙwai da 'ya'yan wasu kifaye.