Ta ina aka bi da kayan ginin hasumiyar Split Rock?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na ga hoton wata tsohuwar hasumiyar fitila mai suna Split Rock a bakin Tafkin Superior, cikin jihar Minnesota ta Amurka, tana tsaye a kan dutse mai tsayin ƙafa 130. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me tafki zai yi da irin wannan gini, kuma ta ina aka hau da kayan aiki?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, Superior tafki ne a suna kawai, domin igiyar ruwansa tana karya manyan jirage. A watan Nuwamban 1905 wata guguwa ta nutsar ko ta lalata jirage 29, da yawansu masu dakon tama ne, shi ya sa majalisar dokokin Amurka ta ware dala 75,000 a 1907 don a yi ginin. Wani abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙarfen da ke cikin duwatsun yankin yana karkatar da allurar kamfas, sai matuƙi ya ɗauka yana tsakiyar ruwa alhali ya kusa cin karo da gaɓa.

Tsohon Magini:
Batun kayan aiki shi ya fi burge ni, ranka ya daɗe. Babu hanyar mota a wurin sai a 1924, saboda haka da bulo da siminti da ƙarafa duk a jirgi aka kawo su gindin dutsen, sannan injin ɗaga kaya mai aiki da tururi ya riƙa jawo su sama, kuma ranar da ruwa ya yi fushi sai dai a jira. Duk da haka an kunna fitilar ranar 31 ga Yulin 1910. Hasumiyar mai kusurwa takwas ce, tsayinta ƙafa 54 kacal, tunda dutsen ya riga ya ɗauke mata rabin wahala.

Malama Mai Nazari:
In ƙara a kan bayanin Baba Magini, gilashin fitilar a Faris aka ƙera shi, an kuma ɗora shi a kan ruwan zaiba don ya juya cikin sauƙi duk da nauyinsa, yana walƙawa kowace daƙiƙa 10. An daina amfani da hasumiyar a 1969, amma ana kunna ta duk ranar 10 ga Nuwamba don tunawa da mutum 29 da suka rasu a jirgin ruwan Edmund Fitzgerald da ya nutse a Tafkin Superior a irin wannan rana a 1975.